Kafin ka miƙa tumbinka a yanka

Assalamu alaikum 'yan'uwana matasa, maza da mata, musamman ku ƙannena mata da wannan magana ta fi yi wa zagaye.

Cikin 'yan shekarun nan wani zance ya shigo gidajenmu a Sakkwato wanda iyayenmu ba su san shi ba, wai a je a yanke wa mutum tumbi don ya rame. Ana yin sa a gidan biki, ana ganin sa a TikTok da Instagram, hoton jiya da na yau an jera su gefe da gefe. Wance ta je Masar, wane ya je Turkiyya ko Indiya, sun dawo sun zube kamar ba su ba. Mai kallo sai ya fara lissafin kuɗin jirgi. Abin da ke ba ni tausayi shi ne a garin nan ne kuma ake sayar wa 'yan mata ƙwayoyin sha ka fashe don su yi jiki kafin aure. Wata na neman ƙiba da ƙwaya, wata na gudun ta da wuƙa, kuma dukansu bakin mutane ne ya kora su.

Ba na cikin masu cewa wannan tiyata ɓarna ce ɗungurungum. Magani ce ta gaske, an daɗe ana yin ta, tun wajen 1966 wani likita mai suna Edward Mason ya fara irin wadda ake karkatar da hanji a jihar Iowa ta Amurka. Akwai wanda ƙiba ta kai shi ga ciwon suga da ya ƙi jin magani, hawan jini, gwiwoyin da ba su iya ɗaukar sa zuwa masallaci, numfashi na tsayawa cikin barci. Irin wannan mutum tiyata kan ƙara masa lafiya da kwana, da izinin Allah. Don haka likitoci suka sa mata ma'auni. A 1991 aka tsayar cewa sai mai BMI 40, wato ma'aunin nauyin mutum gwargwadon tsawonsa, ko mai 35 da wata cuta a tare. A 2022 manyan ƙungiyoyin likitocin fannin suka sauko da shi zuwa 35, ko 30 ga mai cuta irin ta suga. Don a gane, mai tsawon mita 1.65 sai ya kai kusan kilo 95 kafin ya taɓa 35, sai kusan kilo 109 kafin ya taɓa 40. Yarinyar da ke da kilo 75 tana kuka saboda ƙawaye sun ce ta yi teɓa ba ta cikin wannan lissafi ko kusa.

To me ake yi a ɗakin tiyatar? Iri biyu suka fi yawa. Na farko shi ne wanda ake kira silib, ana yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbin a fitar da shi waje, a bar ɗan siririn da ya rage a ɗinke shi da ƙananan ƙarafa. Abin da aka fitar ya tafi ke nan, babu likitan da zai mayar maka da shi. Na biyu shi ne baifas, ana ware ɗan ƙaramin aljihu a saman tumbin wanda bai wuce girman ƙwai ba, a haɗa shi kai tsaye da ƙaramin hanji, abinci ya riƙa tsallake sauran tumbin da farkon hanjin. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, a yi dubu ba a fito ba. Duk wanda ya ce maka ƙaramin aiki ne saboda huji huɗu ko biyar kawai za a gani a fata, fatar ya duba, bai duba ciki ba.

A manyan asibitocin da suka ƙware, mutuwa a wannan aiki ba ta da yawa, kusan mutum 1 ne zuwa 3 cikin 1,000. Masu talla suna son wannan adadi ƙwarai. Sai dai adadin na asibitin da ya tantance mara lafiya ne tun kafin aiki, ya kuma ci gaba da duba shi bayan aiki. Ba shi ne adadin wanda dillali ya haɗa shi da likita ta WhatsApp ba, ya sauka yau, a yanka shi gobe, a sallame shi zuwa otal bayan kwana biyu. Hukumomin Birtaniya sun sha gargaɗin 'yan ƙasarsu a kan irin wannan tafiya zuwa Turkiyya bayan an samu mace-mace. Araha ba ta ado.

Ɗaya daga cikin haɗurran kwanakin farko da suka fi kisa shi ne yoyon ɗinki. Inda aka ɗinke ya buɗe ko da kaɗan ne, ruwan tumbi ya zubo cikin ciki, ciki ya ruɓe. Alamunsa ba su da wuyar ganewa ga wanda ya sani: zuciya na bugawa da sauri fiye da 120 a minti, zazzaɓi, ciwon ciki ko na kafaɗar hagu, numfashi sama-sama. Matsalar ita ce yoyon na iya bayyana bayan mako ɗaya ko fiye, lokacin da mutum ya riga ya sauka a filin jirgin Sultan Abubakar III yana kwance a ɗakinsa. A gida kuwa me za a ce? Maleriya ce, a kawo allura. Kafin a farga an ɓata kwana biyu. Sai kuma daskarewar jini a jijiyar ƙafa, gudan ya ɓalle ya toshe huhu. Mai ƙiba da aka yi wa tiyata, sannan ya zauna sa'o'i a kujerar jirgi bai motsa ba, ya tara duk abubuwan da ke jawo shi. Ga zubar jini, ga ƙwayoyin cuta a wajen yankan.

Amma abin da ya sa na rubuta wannan ya fi ƙarfin makon farko. Wahalar da ba a faɗa ita ce ta shekaru, kuma a nan Sakkwato za a sha ta, inda likitan da ya yi aikin ba ya nan.

Ku ɗauki ruwan sha kawai. Wanda aka rage wa tumbi ba ya iya ɗaga kofi ya kwankwaɗe, kurɓa-kurɓa zai riƙa yi dukan yini har ya haɗa lita ɗaya da rabi ko biyu, kuma ba a so ya haɗa ci da sha a lokaci guda. Ku tuna watan Afrilu a garin nan, zafi ya haura digiri 40, ba wuta, mutum na zufa yana zaune. Bushewar jiki na daga cikin manyan dalilan da ke mayar da masu wannan tiyata gadon asibiti, kuma tana taɓa ƙoda. Sai azumi ya zo. Likitoci da yawa suna hana shi a watannin farko, wasu har shekara, domin tsakanin magariba da asuba ɗan tumbin ba zai iya ɗaukar ruwa da abincin da jiki ke buƙata ba. Allah ya yi wa mara lafiya rangwame a Suratul Baƙara, ba laifi a kansa. Amma na san halinmu, kunyar a gan shi yana sha za ta sa ya ɗauki azumin a ɓoye har ya faɗi. Wanda ya yi aikin don lalura yana da uzuri a gaban Allah. Ke da za ki yi don anko ya zauna miki, ki tambayi malami tukuna, domin malamai sun bambanta tsakanin neman magani da taɓa halitta don ƙawa.

Abincinmu ma ba ya sassauta wa irin wannan ciki. Makonnin farko ruwa-ruwa ne kawai, sannan mai laushi, kafin a koma ga 'yan lomomi. Tuwo, shinkafa, burodi, balangu, kilishi, duk suna iya tsayawa a ƙirji su jawo amai. Fura da aka zuba wa suga, alkaki, nakiya, lemon kwalba, ga mai baifas suna iya zubowa hanji da gaggawa, nan take jiri ya kama shi, zufa, bugun zuciya, gudawa. Masu silib kuwa da yawa suna gamuwa da ƙwannafi mai tsanani, har wasu sai an sake yi musu wata tiyatar. Saurin rama yana haifar da tsakuwa a matsarmama. Gashi kan zube tsakanin wata na uku da na shida, fata ta saki a hannu da ciki da cinya, kuma cire ta wata wuƙar ce da wasu kuɗin.

Inda na fi jin tsoro shi ne ƙarancin sinadarai. Bayan aikin jiki ba ya tsotsar sinadarin ƙarfe, kalsiyam, bitamin B12 da D kamar da. Dole a sha ƙwayoyin bitamin kullum har ƙarshen rayuwa, a riƙa gwajin jini lokaci zuwa lokaci. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 58 cikin 100 na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini tun ba a taɓa su da wuƙa ba. Wadda ta shiga tiyata da jini ƙasa, ta dawo ta sha bitamin wata uku ta daina saboda tsada ko don ta ji sauƙi, ina za ta tsaya? Rashin B12 yana lalata jijiyoyi, ƙafa ta riƙa mutuwa, tafiya ta gagara. Bitamin B1 kuma ajiyarsa a jiki ba ta wuce 'yan makonni, mai yawan amai zai iya ƙarar da ita, ƙwaƙwalwa ta taɓu, ya rikice, ido ya karkace. Irin taimakon da muka saba yi, a kira mai kemis ya sa ƙarin ruwa mai suga, yana iya ƙara dagula wannan idan ba a fara ba da bitamin ɗin ba. Haka magungunan ciwon jiki da muke sha ba lissafi, irin su ibuprofen da diclofenac, suna iya jawo gyambon ciki a wajen ɗinkin har ya huje. Taba da shisha ma haka suke yi, samari ku ji.

Ƙanwata, idan aure ne a gabanki, ki saurara da kyau. Ana so mace ta jinkirta ɗaukar ciki wata 12 zuwa 18 bayan aikin, domin jikin da ke zubewa ba ya iya ciyar da ɗa yadda ya kamata. Kuma a daidai lokacin ne haihuwa ke buɗewa ga wadda ƙiba ta tsayar wa da al'ada, ƙwayoyin tazarar haihuwa na sha kuma ba lallai su yi aiki sosai ga mai baifas ba. Wace amarya ce a garin nan dangin miji za su bari shekara ɗaya da rabi ba su fara tambaya ba? Wannan magana ce da ya kamata a yi da miji da iyaye a fili kafin a sayi tikiti, ba a ɓoye ta sai ciki ya shiga ba.

Kada kuma a ɗauka cewa wucewar shekaru ta kawar da haɗari. Lisa Marie Presley, 'yar shahararren mawaƙin Amurka Elvis Presley, ta rasu a Janairun 2023, binciken gawa ya nuna hanjinta ne ya toshe saboda tabon tiyatar rage ƙiba da aka yi mata shekaru da suka wuce. Kuɗi ma ba katanga ba ne. Mun ga yadda Stella Obasanjo, matar shugaban ƙasa mai ci a lokacin, ta rasu ranar 23 ga Oktoba 2005 a Marbella ta ƙasar Sifen bayan tiyatar zuƙe kitse, daga baya kotu ta sami likitan da laifin sakaci. Aikinta daban ne da na tumbi, amma masu talla sukan cakuɗa su, don haka a sani: zuƙe kitse gyaran siffa ne, ba ya maganin ƙiba.

Ita ƙibar ma tana iya dawowa. Wuƙa ta rage tumbi, ba ta taɓa dalilin da ke sa mutum ci ba. Wanda damuwa ke tura shi ga abinci zai koma ga shayi mai kauri da madara da lemo, su kuwa suna wucewa ba tare da cika ciki ba. Wasu kuma baƙin ciki ke rufe su bayan aikin, sun rame amma abin da ke cin ransu yana nan.

Ina da magana da mu sauran, masu baki. Mu ne muke kiran mutum buhu, muke tambayar budurwa wa zai ɗauke ta a haka, miji ya riƙa gwada matarsa da 'yan fim bayan ta haifa masa 'ya'ya biyar. Allah ya hana izgili da jifa da munanan laƙabi a Suratul Hujurat. Ƙiba cuta ce mai dalilai da yawa, akwai gado, akwai magunguna, akwai matsalar maƙoshi da likitoci ke kira thyroid, ba duka ba ne haɗama. Idan 'yar'uwarka ta mutu a hannun likitan da ba ta san sunansa ba saboda habaicinka, ka shirya amsa.

Wanda ƙiba ke cutar da shi da gaske, ya fara daga gida. Ya je Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko wani babban asibiti, a gwada suga da jini da maƙoshi, ya ga masanin abinci. Ya ba rage ci da tafiyar ƙafa bayan asuba haƙƙinsu na watanni, da ma Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya koya mana raba ciki uku, na abinci, na ruwa, na numfashi. Akwai allurai na zamani irin su Ozempic da Wegovy, amma sai da likita, domin a 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kan jabunsu. Idan bayan duk wannan likitoci suka ce tiyata ce mafita, to ka yi magana da mai yankan da kansa, ba dillali ba. Ka tambaye shi aiki nawa irin wannan yake yi a shekara, nawa suka sami yoyo, ko asibitin na da ɗakin kulawa ta musamman, kwana nawa za ka zauna kafin ka hau jirgi, wa zai biya idan aka koma ɗakin tiyata. Ka lissafa kuɗin bitamin da gwaji na shekaru, ba na jirgi da otal kawai ba. Ka karɓi cikakken rahoton aikin a rubuce, ka ajiye kwafi a wayarka da wajen wani na gida. Kuma kada ka bar Sakkwato sai ka sami likita a nan wanda ya san za ka tafi, ya yarda zai karɓe ka idan ka dawo, kana da lambarsa, mutanen gidanku ma suna da ita.