Ya kamata ƙungiyar agaji ta fara sauraron mutanen gidanta

Da yawa daga ƙungiyoyi masu zaman kansu a Kano suna ganin tunda aikinsu taimakon jama'a ne, babu sauran haƙƙin al'umma a wuyansu, wannan na bankuna ne da kamfanonin waya. Ban yarda ba. Ƙungiyar da ta kama ofis a Hotoro ko Tarauni, janaretanta na hana maƙwabta barci, shararta na shiga kwatar unguwa, 'ya'yan mutane take ɗauka aiki. Duk wannan haƙƙi ne, kuma ba ya cikin yarjejeniyar da ta sa wa hannu da masu ba ta tallafi.

In ma an tashi sauke shi, sai a bar ma'aikata a baya. Shugabanni su tsara ziyarar gidan marayu, a buga riguna masu tambari, a tura saƙo ta WhatsApp cewa kowa ya hallara ranar Asabar. A zo, a ɗauki hoto, a watse. Wanda aka kira haka gangar jikinsa ce ta zo. Alhali direban ƙungiyar ya san lungun da ruwa ke ci duk damina a Kurna, kuma matar da ke bi gida-gida wajen rigakafi ta san gidan da ba a ɗora tukunya ba jiya. Su ya kamata a tambaya me za a yi, domin aikin gayya ba ya tashi sai masu fartanya sun ji gonar ta shafe su.

Sai maganar aljihu, wadda ake kauce mata. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 kuɗin adaidaita sahu ya zama abin lissafi. A 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, amma ɗan sa-kai ba albashi yake karɓa ba, alawus ne, shi ma wani lokacin sai ya makara. Daga farkon 2025 kuma, da Amurka ta tsuke bakin aljihun tallafinta na ƙasashen waje, ma'aikacin kwantiragi ya koma kwana da fargabar sallama. Wallahi ba adalci ba ne a riƙe wa mutum haƙƙinsa, sannan a nemi ya fito ranar hutunsa, da kuɗin motarsa, ya yi wa ƙungiya suna.

A biya shi kan lokaci tukuna. Sannan a ware rana guda a wata cikin lokacin aiki, ma'aikata su zaɓi abin yi da kansu, mai gadi da mai shara na da bakin magana kamar darakta. Wasu za su je Asibitin Murtala su ba da jini, wasu su zauna da mai unguwa a kan yashe magudanar ruwa kafin damina ta sauka. Kuɗin da za a kashe wajen buga riguna a sayi shebur da baro da shi, a bar su a hannun matasan unguwar.