Giyana: gidan yarin da zamansa ba ya ƙarewa

A watan Mayun 2025 ministan shari'a na Faransa, Gérald Darmanin, ya ba da sanarwar za a gina gidan yari mai tsananin tsaro a garin Saint-Laurent-du-Maroni, a yankin Giyana da Faransa ke mulka a Kudancin Amurka. Zai ɗauki mutum 500, da wani sashe na musamman domin manyan dillalan miyagun ƙwayoyi. Nan take 'yan majalisar yankin da jama'arsu suka harzuƙa, suna ganin za a riƙa kwaso masu laifi daga Faransa ana jibge musu. A ganina suna da gaskiya, kuma hujjarsu tana cikin tarihin garin da aka zaɓa.

Wancan gari fursunoni ne suka gina shi, domin fursunoni aka kafa shi. A 1848 Faransa ta haramta bauta a yankunan da take mulka, gonakin Giyana suka rasa masu aiki. Shekara huɗu bayan haka, a 1852, gwamnatin shugaban Faransa Louis-Napoléon ta fara loda masu laifi a jiragen ruwa tana kai su can. Aka ce za a raba Faransa da miyagu, a raya sabuwar ƙasa da guminsu, su kuma aikin ya gyara musu hali. Kimanin mutum dubu 70 aka kwasa cikin shekara kusan ɗari. Ƙasar ba ta rayu ba, mutanen kuma zazzaɓin cizon sauro da shawara da atuni suka yi ta ɗauka a sansanonin saran itace cikin ƙungurmin daji. Waɗanda suka mutu a tsibiran da ke gaɓar teku ma ba a haƙa musu kabari, jefa gawa ake yi a ruwa.

Duk da munin wannan, abin da ya fi tsaya mini a rai wata doka ce ta 1854. Dokar ta ce wanda aka yanke wa ƙasa da shekara takwas, idan ya gama, sai ya sake zama a Giyana daidai tsawon hukuncinsa kafin ya koma gida. Wanda kuwa aka yanke wa shekara takwas ko fiye, to shi da Faransa har abada. Alƙali ya ce shekara takwas da bakinsa, amma a zahiri ɗaurin rai da rai ya yanke. Ranar da gandiroba ya buɗe wa mutum ƙofa, ranar ce zai gane tsugune ba ta ƙare ba. A ciki akwai ɗan abinci da wurin kwana. A waje babu ko ɗaya, kuma babu aiki, domin wa zai biya 'yantacce lada alhali hukuma tana ba da hayar fursunoni a kan kuɗi ƙalilan? Sai ka ga dattijo yana kwana a rumfar kasuwa, yana bin malam-buɗe-littafi a daji yana kamawa ya sayar wa masu tarawa. Wani ya yi sata da gangan don a mayar da shi ciki. Wanda ya samu ya cika wa'adinsa na biyu kuma, shi zai nemo kuɗin jirgin komawa. Su kansu fursunonin cewa suke yi ainihin ɗaurin yana farawa ne ranar da aka sake ka.

Akwai wani ɓangare da mu 'yan Afirka bai kamata mu tsallake ba. A 1867, da mace-mace suka yi yawa, hukumomi suka daina tura Turawa Giyana, suka karkata su zuwa Sabuwar Kaledoniya, wani tsibiri da Faransa ke mulka a tekun Pasifik. Amma Larabawan Aljeriya da baƙaƙen fata na yankunan mulkin mallaka, aka ci gaba da kai su. An san wurin yana kisa ke nan, sai dai aka zaɓi waɗanda za su mutu. Sai bayan shekara 20 aka dawo da tura Turawan.

Me ya sa wannan ya daɗe haka? Nisa. Tsakanin Paris da Giyana kusan kilomita 7,000 ne. Uwa ba ta iya kai ziyara, lauya ba ya leƙawa, ɗan jarida sai wanda ya yi ta maza. Kyaftin Alfred Dreyfus, da aka shafa wa kashin kaji da cin amanar ƙasa, ya yi daga 1895 zuwa 1899 a Tsibirin Shaiɗan da ke gaɓar Giyana, ya kuma fito saboda yana da dangi da marubuta da suka hana Faransa barci a kansa. Sauran dubban ba su da uwa a gindin murhu. Sai a 1923, da ɗan jarida Albert Londres ya je ya gani da idonsa ya rubuta, mutanen Faransa suka fara jin kunya. Shi ne ya ba da labarin wata hanya da aka shafe shekaru barkatai ana yi da fursunoni, amma ba ta wuce kilomita 24 ba. Duk da haka sai da aka ƙara shekara 15 kafin a soke tura mutane a 1938, da ƙoƙarin Gaston Monnerville, ɗan Giyana kuma jikan bayi. Rukunin ƙarshe bai bar can ba sai 1953.

Masu goyon bayan sabon ginin suna da tasu hujjar, kuma ba zan raina ta ba. Gidan yarin Rémire-Montjoly da ke kusa da Kayen, babban birnin yankin, ya cika ya batse, hodar ibilis kuma tana bi ta yankin zuwa Turai. Giyana tana bukatar sabon gidan yari da kotu a yammacinta, kuma babu mai cewa za a dawo da sarƙa da aikin gwale-gwale. Amma gina wa mutanen wuri abin da suke bukata daban, mayar da ƙasarsu juji kuma daban. Idan har an zaɓi bakin daji ne don a nesanta fursuna da kowa, to tunanin 1852 ne ya dawo da sabuwar riga, kuma nesantawar da ke raba ɗan ƙwaya da yaransa ita ce za ta raba shi da lauyansa da duk mai sa ido.

A gina gidan yarin, a sa masu laifin Giyana a ciki, kusa da iyalansu. Wanda ya yi laifi a Marseille ko Paris kuma a tsare shi a can, inda kotun da ta yanke masa hukunci take. Tsohon sansanin Saint-Laurent yana nan tsaye a bakin kogin Maroni, an mayar da shi wurin tarihi, kuma a bangon wasu ɗakunan har yau ana ganin sunayen da fursunoni suka kankara.