Ba kowane zarin ci ne kwaɗayi ba

A gidajenmu, da zarar an ga mace tana yawan ci an gama yanke mata hukunci. "Ke dai cikinki kika sani." Ni wannan maganar ta daɗe tana damuna, domin wanda ya faɗe ta bai taɓa tambayar me ya sa ba.

A 1985 wani likita a birnin San Diego na Amurka, Vincent Felitti, yana kula da sashen rage ƙiba na cibiyar kiwon lafiya ta Kaiser Permanente. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne kusan rabin masu zuwa suna gudu, kuma da yawansu a daidai lokacin da ƙibar ta fara sauka suke ɓacewa. Sai ya zauna da mutum 286 ɗaya bayan ɗaya. Ashe da yawa an yi lalata da su tun suna yara. Wata ta shaida masa cewa mai ƙiba ba a kallonta, ita kuwa abin da take nema ke nan, kada kowa ya kalle ta. Ƙibar da likita ke yaƙa, ita ce garkuwarta.

Daga nan shi da Robert Anda na CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, suka gudanar da binciken ACE, wato bincike kan masifun yarinta, a kan mutum sama da 17,000, aka fara wallafa sakamakon a 1998. Kusan kashi biyu cikin uku sun ɗanɗana aƙalla ɗaya daga cikin masifun yarinta: duka, zagi, rabuwar iyaye, uba mashayi, ganin ana dukan uwa. Kuma fa yawancinsu masu ilimi ne da rufin asiri. Gwargwadon yawan abin da mutum ya gani, gwargwadon haɗarin ƙiba mai tsanani da ciwon zuciya.

Jiki ba ya mantuwa. Yaron da ya tashi cikin fargaba, sinadarin cortisol, wanda jiki ke fitarwa lokacin damuwa, na yawan tashi a jikinsa, shi kuma yana ƙara sha'awar zaƙi da maiƙo.

Ku tuna yarinyar riƙo da ake auna wa tuwo, sai 'ya'yan gida sun ƙoshi a miƙo mata ƙanzo. Yau ta yi aure, buhun shinkafa na nan a sito, amma ƙarfe ɗayan dare za ka same ta a kicin a tsaye, ba ta ko kunna fitila ba, tana tura burodi da lemo da sauri kamar za a ƙwace. Ba yunwa take ji ba. Da safe kuma kunya ta hana ta karyawa.

Ban ce a ƙyale ba, ciwon suga da hawan jini ba sa jin uzuri. Amma gori a gaban dangi ranar biki sai dai ya ƙara tura ta kicin. Wanda ya kamata ta gani likitan ƙwaƙwalwa ne, ga shi a Kano ko sunan asibitin Dawanau ka ambata sai a ce ka kira ta mahaukaciya.