Mun iya magana cikin taro, ɗaya-ɗaya ne ba mu iya ba

Jama'ar Tawa da ta Yamai ina gaisuwa. Ni dai ina Tuluz, karatu ya kawo ni aiki ya riƙe ni, kuma akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya game da jami'o'inmu.

Nan Faransa in ka shiga IUT (makarantar fasaha ta jami'a) ko makarantar injiniyoyi za ka iske awoyin da ba lissafi ba ne ba fizik ba, ana koya ma yara aiki cikin gurup, yadda za ka hwaɗa ma abokin aiki aikinshi bai yi ba ba tare da ka ci mutuncinshi ba, yadda za ka tsaya gaban mutane ka kare ra'ayinka, har maki ake badawa. Tun 2021 lokacin korona gwamnati ta kawo shirin Santé Psy Étudiant, ɗalibi ya tahi wurin sikolog (masanin halayyar ɗan Adam) ba ya biyan ko dala.

In na ba mutanen gida wanga labari dariya su kai. Wai nasara ne ba su da tarbiyya shi ya sa sai an koya musu zama da mutane a aji. Ban ce babu gaskiya ba. Nan yaro na iya kwana biyu cikin ɗan ɗakin CROUS (hukumar masaukin ɗalibai) mai murabba'in mita 9 ba wanda ya ƙwanƙwasa mishi ƙofa, mu ko a kampus ɗin jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ka ƙi zuwa fada dare guda, kafin shayi na biyu ya nuna wani ya leƙo yana cewa "kai lahiya dai?"

Amma Allah ya sani abin da gida ya koya mana sadda kai ne. Kar ka kalli babba ido cikin ido, kar ka musa, ka yi haƙuri. To ga sakamakon. Amfi (babban zauren lacca) cike, mushe (wato malami) na dikte, rabin aji ba su gane ba amma ba mai ɗaga hannu don kar a ce ya cika rawar kai. Ranar sutnans, wato ranar kare memwar (kundin ƙarshen karatu), ka ga yaro ya rubuta mai kyau, wani cikin juri ya yi mishi gyara wanda ba daidai ba ne, yaron ya san ba daidai ba ne, sai ya sunkuyar da kai, zufa har ta jiƙa kwalar rigar aro, ya ce "wi mushe". Gobe shi ne zai je antaretiyan (ganawar neman aiki) wata ƙungiya mai zaman kanta a unguwar Plateau ta Yamai a tambaye shi me ya iya ya kasa buɗe baki.

Kuma ba tsoro ba ne fa. Ɗaliban Nijar ne suka fito ran 9 ga Fabrairu 1990 a gadar Kennedy ta Yamai aka harbe wasu, abin da ya share hanyar babban taron ƙasa na 1991. In muna dubu ƙarƙashin USN, ƙungiyar ɗaliban Nijar, ba mai rufe mana baki. Ɗalibi guda gaban malami guda ne ba a koya mana ba, shi ya sa daga shiru sai yajin karatu da ƙona taya, babu tsakiya.

Ga kuma na zuci. Bursu (kuɗin tallafin karatu) ta yi watanni ba ta faɗo ba, shekarar karatu ta hau kan wata, yaro daga ƙauyen Bouza ya daina barci ya daina ci, sai a ce sammu ne ko a ce ƙarancin tawakkali. A yi mishi addu'a, ƙwarai kuwa, amma a samu kuma wani ofis cikin jami'a da zai shiga ya yi magana ba a kai labarinshi fada ba.

Ba cewa nai a kwaso na Faransa a juye a jami'ar Djibo Hamani ta Tawa ba. Wasan taubasantaka namu har UNESCO ta sa shi cikin kundinta a 2014, Bafillace ya gaya ma Ba'are gaskiya mai ɗaci a yi dariya a wuce, ai wannan darasi ne guda. Tsarin karatu na LMD (lisans, masta, dokta) na da gurbin ƙananan darussa, a sa awa biyu a sati na muhawara da sulhu tun shekarar farko. Sai dai a fara da malaman, don wasunsu in ka ce "mushe ban yarda ba" to ka shirya ma sesiyon ta biyu, wato maimaita jarrabawa.