Ba sai ka zuba wa ChatGPT sunayen mutane ba

Akwai wata magana da ta yi yawa a ofisoshin Katsina: wai in kana son ChatGPT ko Gemini (manhajojin da kake rubuta wa umarni su rubuto maka amsa) ya yi maka aiki mai kyau, sai ka kwafe takardar gaba ɗaya ka liƙa masa, da sunaye da lambobin waya da komai. Masu wannan ra'ayi suna da hujjarsu, don umarnin da ba shi da cikakken bayani amsa marar kan gado yake jawowa.

Sai dai bayanin da manhajar ke buƙata daban ne: mene ne aikin, wa zai karanta, da wane harshe, tsawon nawa. Sunan mutum ba ya ƙara mata basira. Kuma abin da ka liƙa ba a wayarka yake tsayawa ba, kwamfutocin kamfanin yake tafiya, kuma ana iya amfani da shi wajen koyar da manhajar in ba ka kashe zaɓin yin hakan a cikin saitinta ba. Ga shi Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora wa ma'aikatu alhakin tsare bayanan jama'a.

A ce akawun wata makaranta a Ƙofar Ƙaura zai tunatar da iyaye kuɗin zango. Ya isa ya rubuta: "Rubuta wasiƙa da Hausa zuwa ga iyayen ɗalibi, layi 8, cikin ladabi ba barazana. Bar gurbin suna, adadin kuɗi da ranar biya." In ta fito ya karanta da kyau, don manhajar takan ƙago abin da ba a faɗa mata ba, sannan ya cike guraben da kansa a kwamfutar ofis.