Wasan na yaro ne, ba naka ba

Nasihata ga ƴan uwana iyaye ce, musamman mu mazauna Amurka da ƴaƴanmu suka shiga ƙungiyar besbal (wasan da ake jefo ƙwallo a buge ta da sanda) ta unguwa.

A watan Yunin 2019, a garin Lakewood na jihar Colorado, ana wasa tsakanin yara ƴan shekara 7. Alƙalin wasan ma yaro ne, ɗan shekara 13. Wasu iyaye ba su gamsu da alƙalancinsa ba, sai ga manya da gemunsu sun tsallako fili sun kaure da dambe, yara na ta gudu. Har ƴan sanda suka shiga maganar. Mu dai ba mu kai ga naushi ba, alhamdu lillahi. Amma tsayawa jikin shinge ana daka wa yaro tsawa, "ɗaga sandar mana!", "ina idonka yake?", da wancan dambe uwarsu ɗaya ubansu ɗaya.

Mu da muka tashi da tamaula, akwai abin da ya kamata mu gane game da wannan wasa. Kuskure ya fi nasara yawa a cikinsa. Ƙwararren da ake biyansa miliyoyin daloli, in ya samu bugu mai kyau sau 3 cikin 10, gwarzo ake kiransa. Sauran 7 ɗin komawa yake ya zauna. To ina ga ɗan shekara 5 da aka ɗora wa ƙwallo a kan ɗan turke, hular kwano ta rufe masa ido? Wani zai buga ya ruga ta hagu maimakon dama. Wani yana can ƙarshen fili yana cirar ciyawa, ƙwallo ta wuce ta gefensa bai ma sani ba. Haka wasan yake a shekarunsu, kuma daɗinsa ke nan. Lokacin da Carl Stotz ya kafa Little League, hukumar shirya gasar besbal ta yara, a Williamsport ta Pennsylvania a 1939, da ƙungiyoyi 3 kacal, sai da ya rage girman fili don ya yi daidai da ƙafar yara. Mu kuma muna so mu ɗora musu kayan manya.

Abin da ya fi damuna shi ne hannu. Tun 2007 Little League ta ƙayyade yawan jifan ƙwallo da yaro zai yi wa masu bugu: ɗan shekara 7 zuwa 8 ba ya wuce 50 a rana, ɗan 11 zuwa 12 ba ya wuce 85, sannan akwai ranakun hutu dole. Likitoci ne suka ga yadda gwiwar hannu da kafaɗar yara ke lalacewa. Sai ka ga uba ya sa yaro a ƙungiya biyu, ya yi jifa nan ranar Asabar, can ranar Lahadi, da yamma kuma a ci gaba a bayan gida. Tiyatar jijiyar gwiwar hannu da aka fara yi wa ƙwararren ɗan wasa Tommy John a 1974, yau samari ƴan sakandare ake kwantarwa ana yi musu. Wai duk don neman gurbin karatu kyauta a jami'a ta hanyar wasa, wanda ƙalilan ne ke samu.

Alƙalan kuwa, yawancinsu ƴan sa kai ne, kuma zagi na korar su. A 2023 wata ƙungiyar Little League a Deptford ta New Jersey ta kafa doka: duk wanda ya ci zarafin alƙali, sai ya yi alƙalancin wasa 3 da kansa kafin a bar shi ya dawo kallo. Ni dai wallahi ta burge ni.

Sai maganar mota. An tashi wasa, yaro ya zauna a kujerar baya da ƙura a wando, ya riga ya san sau nawa ya kuskure. Kada ka buɗe masa shari'a tun kafin a fita daga wajen ajiye motoci. Gyaran riƙon sanda aikin koci ne, ka bar masa. Kai ka tambaye shi ko yana jin yunwa. In ya ɗauko maganar wasan da kansa, ka saurara. In kuma ya ce bana ya gaji, iyo yake so ya koya, ka kai shi iyon.