Ranar da aka jefe ni da gyaɗa a Sapporo

Tun da Ɗan Zariya ya riga ya saka hoton a guruf, gara in ba da labarin da bakina kafin ya ƙara masa gishiri. E, ni ne. Ni ne mai jar fuskar nan da ƙaho biyu. Wandon kuma ba nawa ba ne, aro aka ba ni.

Matar nan mai kula da harkokin gidajenmu, wadda ta koya wa uwargida yadda ake ware shara, ita ta tare ni a bakin lif. Japanancina kun san shi, na kanti ne da tashar jirgin ƙasa. Na tsinci "yara", na tsinci "oni", na tsinci 3 ga Fabrairu, na ce "hai", wato e. Daga baya na gane duk iyaye mazan gidan sun riga sun zille, wannan aiki, wancan ciwon baya.

Na kira Ɗan Zariya, tun da ya fi ni daɗewa a ƙasar, na ce Malam, wannan abu ba tsafi a ciki? Ya ce haba, tashe ne kawai, oni ai dodonsu ne. Ya turo min bidiyo. Na ga wasu ƙartai sanye da rigar ciyawa, da wuƙar katako, suna faɗawa gidaje suna ruri suna tambayar ko akwai yaro mai kuka. Yara suna ɓuya bayan iyayensu. Can sai ga maigida ya zaunar da dodannin, ya jera musu abinci a gaba, yana ba su haƙuri. Na ce ashe aikin ma na manya ne. Kwana uku ina koyon rurin a banɗaki. Ranar ko abincin rana ban ci ba, na bar wa liyafa wuri.

Abin da ya turo min namahage ne, na yankin Oga a Akita, kuma daren ƙarshen Disamba ake yin sa. Su ana karrama su. Setsubun, bikin da aka kira ni dominsa, wani abu ne daban: jajibirin shigowar bazara ne a tsohuwar kalandarsu, ranar da ake korar sharri daga gida, kuma dodo ake kora, da jifa. Har yau Ɗan Zariya rantsuwa yake yi kuskure ne. Mutumin da ya shekara shida a Japan.

Aka shigar da ni wani ɗan ɗakin ajiya aka miƙo kaya. Jar riga mai matse jiki, fuskar roba, kulkin roba mai ƙuraje, da gajeren wando mai ratsin damisa wanda aka ɗinka wa wani da bai kai kafaɗata ba. Matar ta tsaya tana min bayani a hankali, wai oni daga arewa maso gabas yake shigowa, kusurwar da tsofaffinsu ke kira ta sa da damisa, shi ya sa yake da ƙahon sa da banten damisa. Na ce madalla da ilimi. Ni dai tunanina ɗinkin bayan wandon, don na ji ya yi wata 'yar ƙara lokacin da na sunkuya.

Na banko ƙofa na shiga da rurin nan na kwana uku.

Shiru. Yara wajen ashirin a tsaye, kowa riƙe da ɗan akwatin takarda. Wata 'yar ƙarama ta fashe da kuka. Na ce alhamdulillahi, aiki ya yi kyau, yanzu maigida zai fito da faranti. Na ma fara duban inda zan zauna.

Sai na ji wata murya ta ce, "Oni wa soto!" Wato dodo waje. Gaba ɗaya zauren ya amsa, "Fuku wa uchi!" Wato alheri ciki. Sai ruwan jifa.

Jama'a, gyaɗa ce. Gyaɗa mai ɓawo. A yawancin Japan soyayyen waken suya ake jifa da shi, ƙanana, marasa nauyi. Amma mutanen Hokkaido, inda Sapporo take, sun yi wayo, sun ce gyaɗa ta fi sauƙin tsinta a cikin ƙanƙara, kuma ko ta faɗi ƙasa a ɓare a ci. Ni Bakano, jikan mutanen da suka tara dalar gyaɗa, kakana da kuɗin gyaɗa ya sauke farali, a ɗauko ni tun daga can a kawo ni ƙarshen duniya a jefe ni da ita. Ta cikin 'yan hudojin idon fuskar ba na ganin komai sai hannaye suna ɗagawa. Tas a ƙaho. Tas a wuya. Numfashina ya cika robar da gumi. Na ɗaga kulki in kare kaina, yara suka ɗauka faɗa nake nema, suka ƙara wuta. Na hango Abba, ɗana na cikina, a sahun gaba, ya cije leɓe yana saiti. Da safe ni na ɗaura masa igiyar takalmi.

Duk wannan na yafe. Yara ne. Wanda ban yafe wa ba shi ne tsohon nan na hawa na uku, mai shuke-shuke a taga, wanda kullum in na gaishe shi sai ya duƙa kamar mutumin kirki. Waɗanda suka zo sunan ƙanwar Abba sun san shi, shi ne ya kawo lemo. Tsohon nan bai yi jifan yara ba. Ya tsaya can gefe, ya zaɓi gyaɗa ɗaya-ɗaya, mai ƙwaya biyu cikakkiya, ya ja hannu baya irin na masu wasan ƙwallon sanda, ya saki. Ta farko a maƙogwaro. Ta biyu a gwiwa. Ta uku ta shige ta hudar ido. Ban taɓa sanin gyaɗa tana da nauyi ba sai ranar.

Abin da ya fi ƙona min rai, daga baya shi da kansa ya zo yana min alfahari cewa su 'yan gidan Watanabe ne, kuma a al'ada masu wannan suna ba sa buƙatar jifan Setsubun. Wai wani jarumi Watanabe no Tsuna, kimanin shekara dubu da suka wuce, ya sare hannun wani oni a Kyoto, tun daga nan dodanni ba sa kusantar gidan mai sunan. Na ce to Baba, tun da an ɗauke maka, me ya kawo ka? Ya yi dariya ya ce ai shi ya sa, shekara saba'in da wani abu bai taɓa samun dama ba. Wato ni aka tara wa. Kuma bai faɗa min ƙarshen labarin ba, sai da na bincika da kaina: dodon ya dawo a siffar gwaggon Tsuna, ya lallaɓa shi ya nuna masa hannun, ya fizge abinsa ya tashi sama. Wannan ɓangaren tsohon ya manta da shi. Ina nan ina jiran ranar da za mu haɗu a lif mu biyu kawai, na haddace jimlar da Japananci.

To, ka'ida ita ce dodo ya gudu. Babu wanda ya faɗa min, jiki ne ya faɗa min. Na juya, ƙafata da safa ta hau kan gyaɗa, na tafi suuu, na dawo da mazaunai. Nan ɗinkin ya cika alkawarinsa. Na miƙe hannu ɗaya a baya, na ga ƙofa, na tura, na fita. Aka yi tafi. Ƙofar ta ce ƙyas.

Ƙofar baya ce, mai kulle kanta. Takalmana suna can ƙofar gaba tare da na kowa, jaket da waya suna ɗakin ajiya. Sapporo, Fabrairu, bayan magariba, ƙanƙara har ƙwauri. Na ƙwanƙwasa gilashi. Babu wanda ya juyo. Na ƙara. Na leƙa, sai na ga wani ikon Allah: kowa ya ba ni baya, sun fuskanci kusurwa ɗaya, kowa da doguwar naɗaɗɗiyar shinkafa a baki. Ehomaki sunanta. Ana cinye ta ne ba tare da an yanka ba, ana fuskantar inda aka ce sa'ar shekarar take, kuma ba a magana sai an gama. Sa'ar bana ta faɗo daidai bangon da ke kallon ƙofata.

Uwargida ce kaɗai ba ta ci, don ba ta yarda da abin da aka cusa a ciki ba. Ta juyo, muka haɗa ido. Na nuna mata ƙofa. Ta nuna min mutane, ta ɗora yatsa a leɓe. Wai kunya take ji ta ratsa su. Kafaɗunta kuwa rawa suke yi. Shekara tara da aure.

Sai na zagaya ta gaba, a safa, ina ɗaga ƙafa kamar zalɓe. A kwanar na ci karo da wani mai kawo saƙo da kwali a hannu. Ya tsaya. Na tsaya. Na manta fuskar tana kaina. Ya dube ni tun daga ƙaho har safa, ya ɗan duƙa ya ce "otsukaresama desu", wato sannu da aiki, ya wuce. Wallahi da dariya ya yi da ya fi min sauƙi.

Da na shiga aka sake tafi, aka ba ni shayi, aka ce in ci gyaɗa adadin shekaruna don lafiya. Aka tsinto min 34 daga ƙasa. Wasu na gane su. Ita ce liyafar.

Ɗan Zariya ashe yana zauren tun farko, bayan labule, da waya. Ya ce wucewa ya zo yi.

Wandon yana nan a gida, uwargida ta ce za ta ɗinke kafin a mayar, yau sati uku. Jiya matar ta sake tare ni a bakin lif ta yi wata doguwar magana tana murmushi. Ban ce hai ba. Ban ce komai ba, na duƙa kawai, kuma yanzu ina zargin duƙawar ma amsa ce.